Waiwaye: Ƙafa na tsufa kafin mai ita

Ranar 2 ga watan Oktoba na 1988 aka rufe wasannin Olamfik na birnin Seoul da gudun fanfalaki na maza, tazarar kilomita 42 da mita 195. Gelindo Bordin na Italiya ne ya zo na ɗaya, Douglas Wakiihuri na Kenya na biye da shi, sai Ahmed Salah na Jibuti. Abin da da yawa daga cikinmu suka manta shi ne, a cikin wannan ayarin akwai ƴan Nijar uku: Abdou Manzo, Inni Aboubacar da Hassane Karimou. Manzo ya kammala gudun cikin awa 2 da minti 25 da daƙiƙa 5. Ya sake ɗaura takalmi a Basalona a 1992, ya kuma koma Atlanta a 1996, lokacin ya riga ya ba shekara 35 baya. Mutum ɗaya ya wakilci ƙasarsa sau uku a wasan da babu irinsa wajen cin jiki, amma da wuya ka sami ɗan lakwal a yau da zai iya kawo sunansa.

Na tuno da su ne saboda samarinmu na Falanko da sauran ƙasar Damargu. Allah ya yi musu baiwar ƙafa. Yaron da ya tashi yana bin dabbobi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ko yana takawa daga ƙauyensu zuwa makaranta cikin rairayi, ba ya buƙatar a koya masa juriya. Yanzu kuma wayar salula ta kawo musu duniya tafin hannu. Sun ga Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki ƙasa da awa biyu a birnin Vienna a 2019, sun ji labarin dalolin da ake rabawa, sai wani ya ce a ransa, ashe ƙafa ma jari ce. Jari ce kuwa, ban musa ba. Sai dai jari ne mai wa'adi, kuma ba kasafai ake gaya wa yaro ranar da wa'adin zai cika ba.

Ya kamata a san ta inda kuɗin ke shigowa. Hanya ta farko ita ce kyautar gasa. A gudun Boston na Amurka, wanda ya zo na ɗaya yana karɓar dala 150,000, abin da ya haura sefa miliyan 80. Wanda ya zo na goma kuwa ko dala 10,000 ba ya samu, alhali ƴan mintuna ne kawai tsakaninsu. Hanya ta biyu ita ce kuɗin halarta, wanda masu shirya gasa ke biyan fitattu don su zo su ƙawata musu taro. Ta uku, wadda ita ce ginshiƙi, kwantiragi ne da kamfanin takalma irin su Nike, Adidas ko Asics: albashin shekara, kayan sawa, da tukwici idan an ci gasa ko an kafa tarihi. Daga cikin abin da aka samu, dillalin ɗan wasa yakan ɗauki kashi 15 cikin ɗari, Amurka takan cire harajin kashi 30 daga kyautar baƙo, mai horarwa ma yana da nasa, ga dangi a gida suna jira. Babban ɗan gudu kuma ba ya wuce fanfalaki biyu ko uku a shekara. Idan ciwon gwiwa ko zazzaɓi ya same shi a makon gasa, rabin abincin shekararsa ya tafi.

A cikin irin waɗannan kwantiragi akwai sharaɗin da ke ba kamfani damar rage albashi idan ɗan wasa ya daɗe bai fito gasa ba, ko matsayinsa ya sauka. Nan ne tsufa ke fara cizo. Abin mamaki, gudun dogon zango yana cikin wasannin da suka fi yi wa mai shekaru adalci. Carlos Lopes na Portugal yana da shekara 37 ya ci zinare a Olamfik na 1984. Constantina Diță ta Romaniya ta ci nata a Beijing a 2008 tana da 38. Kenenisa Bekele na Habasha ya yi awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 15 a Landan a 2024 yana da 41. Huhu da zuciya suna iya riƙewa, amma kamfani ba huhu yake dubawa ba. Yana lissafin shekara nawa suka rage a ci moriyar sunanka, yana kuma hangen yaro ɗan shekara 20 da zai karɓi kwatar abin da kake karɓa yana godiya.

Labarin Meb Keflezighi ya isa misali. An haife shi a Eritiriya, ya girma a Amurka, ya ciyo mata azurfa a Olamfik na 2004, ya kuma ci gudun New York a 2009. Duk da haka, a 2011 Nike ba ta sabunta kwantiraginsa ba. Ya yi watanni babu mai ɗaukar nauyinsa kafin Skechers, kamfanin da a lokacin ba a san shi da takalman gudu ba, ya ɗauke shi. A 2014, saura ƙiris ya cika shekara 39, ya zo na ɗaya a Boston. Ana yawan ba da wannan labari don ƙarfafa gwiwa, amma ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne: idan mai lambar Olamfik zai wayi gari babu albashi, ina ga wanda bai taɓa wuce na ashirin ba? Mata kuwa nasu ya fi tsanani. A 2019 ne Kara Goucher, Alysia Montaño da Allyson Felix suka fito fili suka bayyana yadda ake dakatar ko a zaftare kuɗin ƴar wasa idan ta sami ciki. Sai bayan hayaniya ta yi yawa Nike ta sauya dokarta, ta tabbatar da biyan mai ciki har tsawon wata 18.

To, bayan an rataye takalmi fa? Mutum biyu sun isa su nuna mana hanyoyin. Henry Rono na Kenya ya kafa tarihin duniya har huɗu cikin kwana 81 a 1978, bajintar da har yau ake jinjina mata. Ƙasarsa ta ƙaurace wa Olamfik na 1976 da na 1980, don haka bai taɓa taka wannan fage ba. Da ƙafa ta fara ja baya, giya ta shiga, kuɗi suka watse, har ta kai shi ga kwana a gidan marasa galihu a Amurka, da wankin mota, da ɗaukar kayan fasinja a filin jirgi. Daga baya ya farfaɗo ya zama malami kuma mai horarwa, ya rasu a Nairobi a watan Fabrairun 2024. Haile Gebrselassie kuwa, wanda ya tashi yana gudun kilomita 10 zuwa makaranta kullum a yankin Asella na Habasha, tun yana kan ganiyarsa ya fara zuba abin da yake samu a gine-gine, otal-otal, dillancin motoci da gonar kofi. Ya ci zinare a 1996 da 2000, ya kafa tarihin fanfalaki a Berlin a 2008 yana da shekara 35, kuma ranar da ya yi ritaya a 2015 ya riga ya zama uban gidan ɗaruruwan ma'aikata. Dukansu biyu gwanaye ne na gaske. Bambancinsu ya fito ne daga abin da kowanne ya yi da shekarun samu, da kuma irin mutanen da suka kewaye shi.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Badamarge. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga ƙarancin abincin 2005, ya san cewa shekarar da gero ya yi albarka ita ce shekarar cika rumbu, domin ba a san abin da damina mai zuwa za ta zo da shi ba. Kakar ɗan gudu ba ta wuce shekara goma zuwa goma sha biyar, kuma idan ta wuce ba ta dawowa.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora komai a kan ɗan wasa shi kaɗai. Ƙasashen da suka yi suna a gudu sun gina masa madogara. Abebe Bikila, wanda ya ci fanfalakin Roma a 1960 babu takalmi, dogarin fadar Sarki Haile Selassie ne. Kipchoge Keino ɗan sanda ne lokacin da ya ci zinare a 1968, daga baya shi da matarsa suka riƙe marayu a gonarsu ta Eldoret har suka gina makarantu. Har yanzu ƴan gudun Kenya da yawa ma'aikata ne a soja, ƴan sanda ko hukumar gidajen yari: suna gudu da sunan rundunarsu, idan ƙafa ta gaza su koma bakin aiki, da albashi da fansho. A Japan manyan kamfanoni ne ke ɗaukar ƴan gudu aiki, idan sun daina gasa da yawansu sukan ci gaba a ofis ko masana'anta. Sirrin bai wuce wannan ba: abincin mutum bai rataya ga agogon alƙalin gasa kaɗai ba.

Mu a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babu kamfanin takalma da wakilinsa zai biyo hanyar Damagaram zuwa Tanut yana neman wanda zai ba kwantiragi. Babbar gasa mai kuɗi da ta fi kusa da mu ita ce ta Legas, wadda aka fara a 2016 da kyautar dala 50,000, kuma ƴan Kenya da Habasha ne ke kwashe ta. Wanda ya ci ta a karon farko, Abraham Kiptum, an dakatar da shi shekara huɗu a 2019 saboda abin da gwajin jininsa ya nuna. Inda kuɗi ke hannun na ɗaya kaɗai, shaiɗan yakan raɗa wa mai rauni ya nemi gajeriyar hanya, kuma mun san ɓarnar da ƙwayar tiramol ta riga ta yi wa samari a garuruwanmu ba tare da ma an sa gasa ba.

Fagen kokowa ya riga ya nuna mana yadda abin yake. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Dosso mai takobi shida, sarkin kokowa yana komawa gida da doki, da takobi, da kuɗi, yanzu ma har miliyoyi, kamfanonin waya da manyan ƴan kasuwa suna gasar yi masa kyauta. Jiha takwas kowacce na kawo ƴan kokowa goma, sarki kuwa ɗaya ne. Sauran, da waɗanda kafaɗa ko ƙugu ya fitar da su daga fage, sukan koma gona ko cirani, masu kyauta sun juya ga sabon tauraro. Idan haka take ga wasan da ƙasa duka ke kashe kasuwa don ta saurara a rediyo, me ɗan gudu zai sa rai da shi?

Ba ina cewa a hana yara gudu ba ne. Ina so su yi, ina so in ga ɗan Falanko ko Belbeji ya ɗaga tutar Nijar a waje. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka ga yana da ƙafa, kada a bar shi ya ajiye boko ko sana'a don gudu. A haɗa masa su biyun, domin takardar BEPC ko sanin gyaran babur za su bi shi har furfura. Wanda Allah ya ba shi nasara ya ci wata kyauta, ya fara da abin da ke haihuwa, ko gona, ko bisashe, ko shago, kafin babur mai ƙyalli da taron abokai. Kada kuma ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ita da harshen da yake ji ba, musamman wurin da ke maganar rauni da rage albashi.

Hukuma ma tana da nata. Soja, ƴan sanda, duwan da jandarma suna da ƙungiyoyin wasanni. Su buɗe ƙofar ɗaukar aiki ga ƴan gudun karkara kamar yadda ake yi wa ƴan ƙwallo. Ya kamata makarantar horar da malaman wasanni ta INJS da ke Yamai ta tanadi gajeren horo ga tsofaffin ƴan wasa, su fito da takardar da za ta ba su damar koyarwa a makarantun ƙauye da albashi. Kamfanonin da ke cin arziki a yankinmu, irin matatar mai ta Soraz da ke ƙaramar hukumar Olelewa, idan za su tallafa wa wasanni, ɗaukar ɗan wasa aiki ya fi amfani a kan ambulan ɗin rana ɗaya a gaban kyamara. Magadan gari kuma suna iya shirya tseren shekara-shekara a ranar kasuwa cikin hunturu, su sa tsofaffin gwanaye su zama alƙalai da masu horarwa, a biya su hakkinsu.

Ɗan gudu yakan daina gasa yana da shekara 35 ko 40, lokacin da ƴaƴansa ke shiga makaranta, iyayensa ke buƙatar magani. Idan Allah ya ja kwana, rabin rayuwarsa na nan gaba. Duk mai horarwa, uba ko shugaba da zai ce wa yaro ya fito fage, wajibi ne ya kasance yana da amsar abin da yaron zai ci a wannan rabin na biyu.