KU TAMBAYI MASINJANSA

Jama'a, manoma da makiyaya, maza da mata, zaɓe ya ƙarato. Motoci masu lasifika sun fara ratsa ƙauyuka, kowane ɗan takara da babbar riga, baki cike da alkawari. Wannan ya ce rijiya, wancan ya ce kwalta. To, alkawari ba a biyan ko kwabo kafin a yi shi, kowa ma ya iya. Abin da za ku bincika shi ne: lokacin da aka ba mutumin nan ƙaramin ofis, yaya ya riƙe shi? Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Masu neman ƙuri'ar nan taku ba daga sama suka faɗo ba. Wani hedimasta ne a da, wani malamin gona, wani akawu a ƙaramar hukuma, wani kansila. Kun kuma san yadda ake yi a waɗansu ofisoshin. Manomi ya bar gonarsa ana tsakiyar noman fari, ya biya kuɗin mota zuwa sakatariya neman takardar taki, ya zauna kan benci tun hantsi har azahar, a ce masa, "Maigida bai shigo ba, ka dawo gobe." Gobe ta yi, a ce takardarsa ta ɓace, sai ya ba da na goro kafin a gan ta. Kada ku ɗora wa akawu laifin duka. Ya ga maigidansa yana zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, ya ga motar hukuma tana kai uwargida biki, ya ga an ba suruki kwangila. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Dattawanmu sun tuna shekarar 1975, da Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki. Ma'aikatan da suka saba zuwa aiki rana tsaka sai ga su suna sammako, don sun san na sama ba barci yake ba. An sallami ma'aikata fiye da 10,000. Amma fa a faɗi gaskiya duka: da yawa an kore su nan take ba tare da an ji ta bakinsu ba, har da waɗanda ba su ci ba su sha ba. Waɗanda suka tsira kuwa, wasu sai suka ce tunda aikin ba tabbas, bari kowa ya tara na gobe. Ke nan tsoro kaɗai ba ya gyara ofis. Shugaba na gari yana hukunci, amma sai ya bincika, ya saurara tukuna.

Ga Audu Bako, ɗan sanda ne, ya yi Gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin ƙasar Jigawa tana ciki. A zamaninsa aka gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, kuma da ruwan Tiga manoman Kura da Kadawa suke noman rani. Ba shi ya auna ƙasa ba, ba shi ya tuƙa katafila ba. Ya nemo waɗanda suka san aikin, ya ba su dama, ya bi sawu. Malam Aminu Kano kuwa ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, har da ma'aikatar lafiya, amma da ya rasu a 1983 ba a ga katafaren bene ba. Gidansa na Gwammaja yana nan, mai shakka ya je ya gani.

Mu ma da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke matsa wa ɗan'uwa in ya samu kujera ya ɗauki ɗanmu aiki ko bai cancanta ba, in ya ƙi mu ce ya yi girman kai.

Saboda haka in ɗan takara ya zo ƙofar mai unguwa, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, ku saurare shi. Bayan ya tafi, ku tura mutum biyu ofishin da ya taɓa riƙewa. Kada su nemi manya, su nemi masinja da direba da maigadi. Ƙarfe nawa yake zuwa aiki? Albashinsu yana fita a kan kari? In talaka ya shigo, kujera yake nuna masa ko ƙofa? Abin da suka jiyo, a faɗa wa jama'a a dandali, a kuma shiga gida a faɗa wa mata, don su ma da ƙuri'arsu.