Ba Ganga Matasan Ikilisiya Suka Rasa Ba

Duk inda dattawan ikilisiya suka zauna a ƙasar Sakkwato, da wuya a tashi ba a yi kukan nan ba: matasa sun gudu, waya ta cinye su, ba su da kishin bishara irin na mutanen da. Maganin kuma kullum ɗaya ne. A sayo sabbin ganguna da jita da manyan lasifika, a shirya daren waƙe-waƙe, a ware masu mako guda a shekara su yi wasan kwaikwayo, ranar Lahadi ɗayansu ya hau mumbari ya yi wa'azi a tafa masa, Litinin kowa ya koma mazauninsa. Ni ban yarda da cutar da aka ce suna fama da ita ba, balle maganin.

Mai shakka ya je Dundaye. Nan ne mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato. Ɗalibai Kirista 'yan tsiraru ne a cikinta, daga Zuru da Yawuri da kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da jihohin kudu. Manyan majami'u suna can cikin gari, a ƙetaren gulbi, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a sun san tazarar ba ta wasa ba ce. To wa ke riƙe da zumuntar ɗaliban nan? Su da kansu. Yara 'yan shekara ashirin da 'yan kai ne ke zaɓen shugaba da magatakarda da ma'aji. Su ke tara baiko su rubuta lissafinsa, su shirya nazarin Littafi Mai Tsarki, su kwana da marar lafiya a asibiti, su yi wa wanda kuɗin rajista ya gagara karo-karo, su sasanta waɗanda suka saɓa, shekara ta zagayo su miƙa ragama ga na bayansu ba tare da an kai ruwa rana ba (abin da wasu manyan ikilisiyoyinmu har yau ba su iya ba). Duk wannan ga lacca, ga jarrabawa, ga zafin Sakkwato. Ba sabon abu ba ne kuma. Tun 1957 aka kafa ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, takwararta NIFES ta biyo baya a 1968, kuma a kan kafaɗar ɗalibai suka tsaya.

Sai yaron nan ya gama karatu, ya yi bautar ƙasa, ya dawo majami'ar iyayensa. Me ake ba shi? Jera kujeru, share haraba, buga ganga. Kamar direban da ya kawo tirela daga Legas har Illela ne, aka ce ya koma yaron mota. Majalisar dattawa tana da sharuɗɗan da a aikace kowa ya san su: aure, furfura, wani wurin har da nauyin aljihu. Ta 'ya mace ta fi muni. Ta wuce sa'ar 'yan mata, ba ta yi aure ba balle ta ɗaura zanen Zumuntar Mata, sai ta rasa inda za ta sa kanta. Tana iya zama akanta mai digiri, tana zaune ana karanta rahoton kuɗin shekara da bai haɗu ba, in ta ɗaga hannu a ce, “'Yar nan, bari manya su gama.” Idan irin waɗannan suka koma sabbin majami'u, sai dattawa su ce kiɗa ne ya ja su. Wataƙila da kiɗan. Amma a can, kafin wata uku an danƙa wa mutum wani sashe an ce nasa ne, in ya lalace shi za a tambaya.

Iyayenmu, waɗannan mutanen da da kuke yabo, shekarunsu nawa? Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, waɗanda suka sauka Legas a 1893 suka fara aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, uwar ikilisiyar ECWA, samari ne. Bingham bai fi shekara ashirin da ɗaya ba, sauran biyun kuma a 1894 suka mutu. Ƙungiyar CAPRO da ke aika masu bishara ƙasashe da dama a yau, matasa ne suka fara ta a Zariya a 1975, Bayo Famonure na gaba, bautar ƙasa ce ta kai shi can. Da an ce su jira furfura, da babu labarin.

Akwai wani kuskuren da ya fi ci mini rai, shi ne abin da muke kira aikin bishara in za mu tura matasa. A cika bas ranar Juma'a, a ɗora lasifika da buhun gwanjo da kwalin magani, a sauka wani ƙauye a yi wa'azi da Turanci ana neman tafinta, a ɗauki hotuna a zuba a Facebook, Lahadi da yamma a dawo a ba da shaida. Wa aka sani a ƙauyen? Wa zai koma in yaron da aka ba maganin ya sake kwantawa? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma matasanmu da yawa ba za su iya karanta babi guda a cikinsa ba tare da tuntuɓe ba, balle su gane Sakkwatanci in tsohuwa ta buɗe baki. Wa ya zaunar da su ya koya masu? Abin da tsofaffin ƙasar nan ke tunawa da 'yan mishan shi ne asibitin kutare na Amanawa, inda aka shekara da shekaru ana wanke gyambo. Haka asibitin Galmi a Nijar, tun 1950. CAPRO ma da wa'azin fili ta fara, daga baya ta koma tura mutane su zauna cikin jama'a su koyi harshensu.

A Sakkwato kuwa wannan magana ta rai ce. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kisan da babu hujjar da za ta wanke shi. Michael Nnadi, ɗalibin firist na Diyosis ɗin Sakkwato da masu garkuwa suka kashe a Kaduna a 2020, shekararsa 18. Matashi ne ke zama aji ɗaya da Musulmi, ɗaki ɗaya, wani lokaci tukunya ɗaya. Shi ya san abokin da zai rufa masa asiri ran tashin hankali, shi ya san kalmar da in ta fita ba ta dawowa. Dattijon da daga gida sai majami'a bai kai shi sanin maƙwabta ba. Duk da haka in za a tsara yadda za a zauna da maƙwabtan, ko inda za a tura masu wa'azi, ba a kiran matashin. Sai an gama a sanar da shi lokacin tashin mota.

Na san abin da za a ce: yaro yaro ne, akwai gaggawa, akwai ɓarna, kuɗi na iya salwanta. Gaskiya ne. Sai dai rigingimun kuɗi da na kujera da suka tsaga ikilisiyoyi har gaban alƙali, ban ji an ce 'yan zumuntar matasa ne suka haddasa su ba. Za a kuma ce ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ya tafi. Bulus ma bai jira Timoti ya tsufa ba kafin ya bar masa ikilisiyar Afisa.

Saboda haka a taron shekara mai zuwa, a ware kujeru a majalisa ga 'yan ƙasa da shekara talatin, mace da namiji, masu aure da marasa aure, da ƙuri'a cikakkiya. A sa ɗayansu cikin masu binciken littafin ma'aji. Kuɗin da aka ware na sabbin ganguna kuma a riƙe matashi ɗaya da shi, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya, a koya masa Hausa da ladabin mutanen wurin, ya je ƙauyen da suka yarda su karɓe shi ya zauna shekara biyu.