Littafin da 'ya'yanmu suka ga kansu a ciki

Daga 2016 zuwa 2020 hukumar WAEC ta sanya littafin Faceless na marubuciyar ƙasar Gana, Amma Darko, cikin littattafan da ɗaliban adabin Turanci ke nazari. An sauya jerin littattafan tuni, amma malamanmu na adabi sun shaida cewa tsofaffin kwafinsa, wasu ma bangonsu ya fita, suna nan suna yawo daga hannun wannan ɗaliba zuwa na waccan. Littafin da aka daina tambaya a kansa a jarrabawa, amma yara suka ƙi sakinsa, ya cancanci mu tsaya mu tambayi dalili.

Labarin, wanda ya fito a 2003, na Fofo ne, yarinya 'yar shekara 14 da ke kwana a titin birnin Akra, da yayarta Baby T wadda aka tsinci gawarta a kasuwar Agbogbloshie, an ɓata mata fuska. Sai dai saiwar masifar ta girmi 'yan matan biyu. Kakarsu tana ƙaramar yarinya wani saurayi ya yi mata ciki ya ce bai san zance ba. Ta rasu wajen haihuwa tana tsine masa da zuriyarsa, aka bar jaririyar, Maa Tsuru, ta tashi ana nuna ta da baki. Da ita kuma ta zama uwa, talauci ya tura 'ya'yanta titi, har da aka ci zarafin Baby T ta karɓi kuɗi ta yi shiru. Ciki ɗaya da aka yi wa ƙarya ya kori zuriya guda daga gida.

Ɗalibanmu ba su taɓa taka Agbogbloshie ba, amma sun san kujerar da ta zama wayam a tsakiyar zangon karatu. Sun san yadda ake cewa wance ta tafi ƙauye wurin goggonta jinya, kowa ya gane, kowa ya kame bakinsa. Sun kuma ga wanda ya yi aika-aikar yana yawonsa a gari, hula a karkace. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa 'yan mata suka fi riƙe littafin, ko da yake malamai sun lura cewa samarin aji ma kan yi tsit idan aka zo kan saurayin da ya musanta cikin.

Muna sane da cewa wasu iyaye, cikinsu har da 'yan ƙungiyarmu, suna ganin irin wannan littafi buɗe wa yara ido yake yi. Ba mu raina wannan fargaba ba, domin kishin tarbiyya ne ya haife ta. Amma wanda ya karanta shi har ƙarshe ba zai iske abin sha'awa a rayuwar Baby T ba. Kuma yaron da wayar hannu ke aljihunsa ya riga ya ji abin da ya fi wannan, a inda babu malami ko uwa kusa da za su ce masa ga daidai ga kuskure.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da makaranta ke yi bayan an rufe littafin. Sashe na 15 na Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ya tanadi cewa yarinyar da ta samu ciki kafin ta kammala karatu a ba ta damar komawa bayan ta haihu. Jihohi da dama na Arewa sun jima kafin su yi tasu dokar, kuma a makarantu da yawa har yau kora ce hukuncin farko da na ƙarshe. Saliyo ta hana 'yan mata masu ciki shiga aji a 2015, Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Disamban 2019 cewa hakan wariya ce, gwamnati ta janye haramcin a 2020. Tanzaniya ma ta janye nata a 2021. Ba wanda ya ce a yi wa ɓarna tafi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yarinyar da aka raba da allo tana shekara 15, da goyo a baya, titi muka miƙa wa ita da abin da ta haifa.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa a jaridar malamai. Wani lokaci wanda ya lalata ɗalibar yana cikin ɗakin malamai, ana shan shayi da shi. Ƙungiya an kafa ta ne don kare haƙƙin malami, albashinsa da ƙarin girmansa da fanshonsa. Ba ta da laima ga wanda ya ci amanar 'yar mutane, kuma sauya masa makaranta a ɓoye kai shi ne ga wasu 'ya'yan.

Don haka muna roƙon wakilan makarantu su zo taron reshe na gaba da amsar tambayoyi biyu: ɗalibai mata nawa suka ɓace daga rajista a shekarar karatun da ta wuce ba tare da takardar canjin makaranta ba, kuma wace malama ce aka ware a makarantarku wadda yarinya za ta iya zuwa wurinta ta yi magana a rufe ƙofa.