Kwaɓin kankare ba ya jiran kowa

Daga Damagaram zuwa Magariya kusan kilomita 90 ne, kuma kankaren da aka riga aka kwaɓa a cikin mota ba a son ya wuce kamar minti 90 ba a zuba shi ba. A zafin Afrilu ma ba ya kaiwa haka. Wanda ke gini a Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, nisansa ya fi haka. Shi ya sa yawancin maginan yankin suke kwaɓawa a wurin aiki, amma rigimar mayar da kaya tana nan. Tifa ta zo da yashi mai laka, ko buhunan simintin Malbaza da ruwan sama ya daskarar a hanya, mai gini ya ce a kwashe. Ni dai ina ganin laifin na mutum biyu ne. Mai kaya yana lodi bai tambayi abin da za a zuba ba, ginshiƙi ne ko daɓe. Mai gini kuwa yana kira alhali ba a ɗaure rodi ba, katako bai tsaya ba, hanyar shiga duk rairayi. Kwaɓi ya fara ƙarfi, sai a ƙara masa ruwa, ƙarfin ginin ya tafi. Tun jajibere a aika yaro da ɗan yashin, a zuba a kwalba da ruwa a girgiza: laka za ta kwanta a sama kowa ya gani. A kuma tsayar da zubi bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga.