Ɗalibin Bayoloji, ka leƙa magudanun Kadawa

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunaye, akan samu yaran Kura da Bunkure da suka nemi likitanci aka ba su Bayoloji. Sai yaro ya shiga Jami'ar Bayero rai a ɓace, iyaye na matsa masa ya sake zana JAMB.

A ganina an yi gaggawa. Wanda ya kammala da sakamako mai kyau yana iya neman likitanci daga aji biyu, ko da yake guraben kaɗan ne, kada in yaudari kowa.

Kafin nan, ga aiki a ƙofar gida. Ruwan Tiga da ke rayar da shinkafarmu da tumatir shi ne kuma matattarar katantanwar da ƙwayar tsargiya ke girma a cikinta. Yaro ya yi wanka, ta huda fatarsa, ya fara fitsarin jini, har wasu su ce alamar balaga ce. Likita ya ba shi magani, gobe ya koma ruwan. Gano magudanar da katantanwar ta fi yawa, da watan da take hayayyafa, aikin mai Bayoloji ne. Ɗan Kura da ya zo shekarar ƙarshe yana neman abin da zai yi bincike a kai, ya fara daga inda ƙannensa ke iyo.