Zuma Halal Ce, Amma Idan Ta Tsimu Fa?

 

A intanet ana koyar da wani haɗi: a dama zuma da ruwa, a sa ganyen shayi, citta da kanumfari, a barbaɗa yisti, a rufe makonni. Wasu matasanmu na ɗaukarsa magani, suna cewa ai Alƙur'ani ya ambaci waraka cikin zuma a Suratun Nahl, aya ta 69. Ina ganin ruɗi ne babba. Yisti yana cin zaƙin zumar ne ya mayar da shi barasa. Shayi da kayan ƙamshi ɗanɗano kawai suke gyarawa, ba hukunci ba. Giyar zuma ce, irin wadda Habashawa ke kira tej.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Abu Musa al-Ash'ari (RA) ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da bit'u, abin shan zuma na mutanen Yaman, aka ba shi amsa da haramcin duk abin da ke bugarwa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Muslim kuma ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa giya don magani, aka sanar da shi cuta ce, ba magani ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Wani zai ce ai Annabi (SAW) ya sha jiƙo. Gaskiya ne, amma Ibnu Abbas (RA) ya bayyana cewa ba ya wuce yammacin kwana na 3. Abin da ya rage sai a shayar da shi ko a zubar. Mu kuwa da zafin bazararmu ke haura digiri 40, jiƙon zuma ko dabino ko zoɓo na iya juyawa kafin haka, musamman idan aka ɗauke wuta firji ya tsaya.

Saboda haka, iyaye mata da masu sayarwa: a haɗa daidai na yini. Idan ya fara kumfa, ko robar ta kumbura, ko warinsa ya sauya, a zubar, kada a miƙa wa yaro ko mai buɗa baki. Asarar zuma ta fi sauƙi a kan saɓa wa Allah. Mai son zuma da shayi ya zuba ta a kofinsa, ya sha nan take, halal tsarkakakke.

Allah Ya tsare mu daga haram. Wallahu a'alam.