Garin Indiya Da Cikin Bahaushen Minna

Ya ku 'yan'uwana Hausawa mazauna Shango da Chanchaga da Tunga da Limawa da sauran unguwannin Minna. Yau magana ce da ni a kan wani abu da ya shigo mana gida muka karɓe shi hannu bibbiyu ba tare da mun tambaye shi sunan ubansa ba, wato garin maganin nan da ake kira garin Indiya, wanda ake cewa yana wanke ciki, yana kashe basir, yana korar sanyi, yana ƙara lafiya gaba ɗaya. Na san maganar za ta sosa wa wasu rai, domin akwai masu ci da wannan sana'a a cikinmu. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ke bi ta Kasuwar Kure ko shataletalen Mobil ko bakin tashoshin mota ya san abin da nake nufi. Mota ce ko baro da lasifika a kai, ana jero cututtuka kamar ana kiran sunayen 'yan aji: basir mai tsiro, basir mai jini, kumburin ciki, ƙwannafi, taifot, shawara, ciwon baya, raunin mazakuta. Duk wannan wai cokali ɗaya a ruwan ɗumi ko a kunu ya isa. Idan aka ga mutane sun fara ja da baya sai a jefo kalmar da ke kashe mana jiki, a ce ai daga Indiya aka kawo shi. Shi ke nan, sai ka ga hannuwa sun shiga aljihu. Mu dai tun zamanin da iyayenmu ke cika gidajen silima don kallon finafinan Indiya, duk abin da aka jingina wa ƙasar nan yana da farin jini a wurinmu, ko turare ne, ko man gashi, ko magani.

Bari in yi wa Indiyawa adalci tukuna. Garin da ya fi shahara a wurinsu don gyaran ciki sunansa Triphala, kuma ma'anar kalmar a harshen Sanskirit ita ce 'ya'yan itace uku. Su ukun kuwa sanannu ne: amla da haritaki da bibhitaki. Ana busar da su a daka a haɗa, kuma sunansa ya zo a tsofaffin littattafan likitancinsu na Ayurbeda irin su Charaka Samhita. Har likitocin Musulmi na da sun karɓe shi, suka Larabce sunan ya koma idrifal. Babban aikinsa shi ne sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida. Wani abin sha'awa, biyu daga cikin itatuwan nan, haritaki da bibhitaki, dangin baushe ne da muke da shi a dazuzzukanmu, kuma gidansu ɗaya da marke da sabara. Saboda haka ba wani tsiro ne daga aljanna ba, itace ne kamar namu.

To ga tambayata ga mai lasifika. Wannan garin da ka ƙulla a farar leda, ko ka ɗura a robar da babu rubutu a jikinta, wanne ne daga ciki? Triphala ne? In shi ne, ina kwalinsa, ina sunan kamfanin da ya yi shi, yaushe aka yi shi, yaushe zai lalace? Na taɓa yi wa wani mai sayarwa wannan tambaya a bakin wata tasha, ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, ai sirrin sana'a ne, kai dai sha ka ba da labari." Haba Malam! Sirrin sana'a a cikin hanjina?

Abin da ke ba ni haushi ke nan, domin mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne. Kasuwanci ne ya kawo kakanninmu garin nan tun lokacin da aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano wajen 1911, suka zauna da Gwarawa da Nufawa ana ciniki cikin mutunci. Na tashi ina ganin mahaifina ba ya karɓar buhun shinkafa sai ya soka ya duba ƙwayarta. Uwar gida ba ta yarda a auna mata wake da mudun da aka bubbuge gindinsa. Mai sayen shadda sai ya murza ya ɗaga ta a rana. Ko doya ce a Kasuwar Gwari sai an juya ta an ƙwanƙwasa. Addininmu ma sura guda ya ware, Suratul Muɗaffifina, a kan masu tauye awo. Amma da an zo kan abin da za mu haɗiya ya ratsa hanta da ƙoda, sai duk wayon nan ya gudu. Ba mu tambayar mene ne a ciki, ba mu tambayar nawa ne awonsa, cokalin shayi ne ko na cin abinci ko ludayi. Yaro da tsoho da mai juna biyu duk awo ɗaya.

Wani zai ce ai itace ne, itace ba ya cutarwa. Wa ya faɗa maka? Zaƙami ma itace ne, tunya ma tsiro ce. Kuma ko wanda ya zo a kwali mai kyau daga Indiyar ba a rufe ido a sha. A 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda iri 70 a shagunan garin suka gwada, suka sami dalma ko zaiba ko gubar asinik a cikin 14. Sakamakon ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. A 2008 suka sake gwada 193 da aka sayo ta intanet, aka sake samun kusan ɗaya cikin biyar da irin wannan matsala. Dalili kuwa, akwai wani reshe na Ayurbeda da ake sa ƙarafa a magani da gangan, sannan akwai gurɓata daga ƙasar noma da injin niƙa. Ban ce kowane Triphala na da dalma ba. Na ce ido ba ya ganin dalma, harshe ba ya jin ta, sai an kai ɗakin gwaji.

Mu mutanen Neja kuwa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2015 yara 28 suka rasu a ƙaramar hukumar Rafi sanadiyyar gubar dalma daga haƙar zinariya, bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda yara fiye da 400 suka tafi. Wancan daga ƙurar dutse ya fito, amma gubar ɗaya ce. Tana taruwa a jiki a hankali, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta lalata ƙoda, kuma abin takaici, cikin alamominta ga babba akwai ciwon ciki da taurin bayan gida. Ka ga mutum zai iya ƙara cokali don maganin ciwon da garin ne ke jawo masa.

Kada kuma masu kishin na gida su yi murna su ce ai dama mun faɗa, a koma wa namu. Namun ma in babu awo cuta ne. Filasko, da ɗan'uwansa sanamakki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, suna sa gudawa ne ta hanyar tsokanar hanji. A sha sau ɗaya ciki ya saki, ba laifi. A mayar da shi shayin kowace safiya, sai ruwan jiki da gishirinsa su riƙa zubewa, mutum ya yi ta jin kasala yana cewa dattin ciki ne ke fita. Kanwa fa? Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa tamu ce, ba daga Mumbai aka kawo ta ba. Kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta sa a kwashe maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha daga kasuwa, bayan shekaru ana shan sa a garuruwan Arewa.

Babbar ɓarnar ma ita ce ɓata lokaci. Mu komai basir ne. Jini a bayan gida basir, rama basir, ciwon ciki na wata uku basir, idanu su yi ɗorawa a ce shawara ce a kawo gari. Alhali jinin nan zai iya zama gyambon ciki, zai iya zama ciwon daji na hanji, ɗorawar idon nan za ta iya zama ciwon hanta da ake ganowa da gwajin jini. Sai an shanye leda goma, ƙafa ta kumbura, sannan a ɗauki mutum ranga-ranga zuwa Babban Asibitin Minna ko asibitin IBB da ke nan kusa da mu a Chanchaga, a lokacin da kuɗin magani ya ninka, wani lokacin ma sai wankin ƙoda. Daga nan a fara bi shago-shago ana karo-karo. Kuɗin da aka ƙi kashewa a gwaji sai an kashe ninkinsa goma, wani sa'in kuma a rasa mutumin.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce asibiti tsada, ga layi, ga wulaƙanci, talaka ina zai sa kansa? Gaskiya ne, ni ma a cikin wannan hali nake rayuwa. Amma tsadar asibiti ba ta mayar da garin da ba a san asalinsa ba ya zama mai lafiya. Kuma ba cewa na yi a watsar da maganin gargajiya ba. Indiyar da muke yabo ai tsari ta yi wa nata: ta kafa masa ma'aikata guda mai suna AYUSH a 2014, akwai kwalejojin da ake karantar sa shekara da shekaru, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta maganin gargajiya a Jamnagar. Duk da haka, a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta tilasta wa shugabannin Patanjali, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Ayurbeda, su nemi afuwa a jaridu saboda tallan da ke yaudarar jama'a. Can ana kai mai kamfani kotu a kan talla, mu nan muna tafa wa mai lasifika.

Mu ma nan gida an taɓa nuna ana iyawa. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta haɗa Niprisan don masu ciwon sikila, kuma cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke kan tiren kowace mai kayan yaji. Abin da ya bambanta shi da ƙullin leda shi ne an san abin da ke ciki, an auna, an gwada, an rubuta.

Don haka ga roƙona. Kai mai saye, in za ka sayi kowane gari, na Indiya ko na gida, duba sunan abin da ke ciki, da sunan mai yi da adireshinsa, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambar NAFDAC. Ka kuma sani cewa lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa ne kawai, ba shaida ba ce cewa yana warkar da jerin cututtukan da aka lissafa. Kada a ba jariri, kada mai juna biyu ta sha, kuma mai shan maganin hawan jini ko na suga ya gaya wa likitansa. In ka ga jini, ko rama, ko ɗorawar ido, ko ciwon ya wuce mako biyu, ajiye cokali ka nufi asibiti. In taurin ciki ne kawai na yau da kullum, ga ruwa, ga gwanda da lemo da mangwaro Allah ya hore mana a Neja, ga zogale da rama da tsamiya.

Ku kuma iyayenmu shugabannin kasuwa da masu unguwanni da limamai, don Allah ku sa baki. Yadda kuke hukunta mai algus a hatsi, haka ya kamata ku tsawata wa mai sauke kaya daga buhu yana ƙullawa a leda yana laƙaba masa Indiya. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, kuma ba Hausawa kaɗai ke sayen garin nan ba, maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa ma suna saye a hannunmu saboda sun yarda da mu. Ranar da ya illata ɗan wani, ba za a ce Indiya ba, cewa za a yi Bahaushe ne ya sayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da cin haram, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.